Jagora, Madugu da "Babba Juji Ne": Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga Kano: Malam, a ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa wasu na kiran wanda muka zaɓa "shugaba", wasu "jagora", wani dattijo kuma "madugu" yake ce masa. Duk abu ɗaya ne?

Amsa: Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa. Sun yi kusa, amma kowace da gidanta. Shugaba ita ce ta kowa da kowa, daga shugaban ƙasa har shugaban aji. Jagora kuwa kalmomi biyu ne, "ja" da "gora". Dubi yaron da ke riƙe da kan sandar makaho yana gaba: ba ya fizga, ba ya gudu, in an zo kwata sai ya dakata ya faɗa. Daga nan kalmar ta fito, shi ya sa ta fi dacewa da mai nuna hanya.

Dattijon nan naku ya san abin da yake faɗa. Madugu shi ne uban tafiya a ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro, musamman a ƙarni na 19. Daga Kano ake ratsa Yawuri da Bargu har kasuwar Salaga, a ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni da jakuna. Madugu ke tsayar da ranar tashi, shi ke zaɓen zango, shi ke zuwa gaban sarakunan hanya ya daidaita kuɗin da za a biya kafin a wuce. Kuma ba shi kaɗai yake aikin ba. Akwai jagaba mai duba hanya a gaba, da uban dawaki, da malamin ayari mai rubutu da addu'a. Fatake dukiyarsu suka ɗauko, ba bayinsa ba ne. In bai iya magana da su ba, badi wani za su bi. A ganina, ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta da sunan da ya fi wannan dacewa da shugabanta.

Tambaya daga Maraɗi: Ni ce shugabar matan adashe a unguwarmu. Na kai kuka wurin gwaggona kan ƙorafin da ake ta yi mini, sai ta ce "babba juji ne". Zagi ne?

Amsa: Hajiya, gwaggonki girmama ki ta yi. Cikon maganar shi ne "kowa ya kwaso shara sai ya zuba masa". Wadda zubinta ya makara, da wadda ke son ɗauka kafin layinta, da wadda kawai ta tashi da ɓacin rai, duk wurinki za su sauke. Kada ki manta, jujin nan shi manomi ke kwasa ya kai gona a matsayin taki. Cikin ƙorafi goma za ki tarar da ɗaya wanda zai gyara muku tsari. Sai dai karin maganar ba ta ce ki ƙyale wadda ta ci kuɗin jama'a ba. Haƙuri da zafin baki daban, rufe ido kan amana daban.

Tambaya daga Zariya: Mene ne bambancin lallashi da daɗin baki?

Amsa: Mai lallashi yana son ka yarda da abin da shi ma ya yarda da shi, don haka zai bi ka a hankali, ya saurari uzurinka, ya kawo hujja. Mai daɗin baki buƙatarsa yake nema, kuma ba lallai ya cika abin da ya faɗa ba. Shi ya sa ake cewa "ya yi masa daɗin baki" in an cuci mutum, amma ana lallashin yaro, ana lallashin abokin aikin da ya yi fushi a taro. In kana shugabantar mutane, sami wanda ya yi fushin shi kaɗai kafin a zauna, ka fara da gaisuwa da tambayar iyali, sannan ka kawo maganar.