Tambaya da Amsa: 'Yar Kwalbar da Aka Kawo Daga Kannauj

Tambaya: Anti, maigidana ya dawo daga Indiya da wata 'yar kwalbar turare, ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya ce a wani gidan turare na gado ya saya a garin Kannauj, kuɗinta kuma ya fi na babbar kwalbar fesawa. Na shafa, ko ɗaki bai ɗauka ba. An cuce shi ne? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Ƙanwata, kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Idan attar ɗin gaske ya samo, wato turaren mai na gargajiya irin na can, to tsaraba ce ta mutunci.

Kannauj tsohon gari ne a jihar Uttar Pradesh, kusa da kogin Ganges, kuma akwai gidajen da tun kaka da kakanni turare suke dafawa. Ina cewa dafawa ne domin da gaske girki ne. Furen wardi tun kafin rana ta fito ake tsinke shi, don zafi yana kwashe masa ƙamshi. A zuba shi da ruwa cikin babbar tukunyar jan ƙarfe da suke kira deg, a liƙe murfin da yumɓu, a hura wutar itace da kandilo a ƙasa. Tururin yana bi ta cikin gora ya sauka a wata tukunya mai dogon wuya, bhapka, wadda ke zaune cikin ruwan sanyi, a cikinta kuma akwai man sandal. Man ne yake shanye ƙamshin. Washegari a sake zuba sabon fure a kan wannan man dai, haka har a yi makonni.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai kula da wutar. Ba shi da ma'aunin zafi, tafin hannunsa yake ɗorawa jikin tukunya, yana sauraron ƙarar ruwan, ya san lokacin janye itace. Wuta ta yi yawa, fure ya ƙone, aikin yini ya tafi. A ƙarshe akan zuba turaren cikin tandun fata don sauran ruwan ya tsane. Da na fara jin haka sai na tuna tandun man kakata da ke rataye a bangon ɗakinta.

Yanzu ga dalilin da ɗakinki bai ɗauka ba. Turaren fesawa alkohol ne yake ɗaukarsa ya watsa cikin iska, shi ya sa yake riga mai shi shiga ɗaki. Attar babu alkohol a ciki, mai ne zalla, ɗumin jiki ke tayar da shi sannu a hankali. Masu waɗannan gidaje ba su neman turaren da zai cika titi; na wanda ya matso kusa da ke suke yi. Ni kam ina tare da su, ko da yake ranar biki humrata nake ɗauka.

Kin san har ƙamshin ƙasa suke kamawa? Suna dafa gutsattsarin yumɓun da aka gasa, su fitar da mitti attar, mai ƙamshin ruwan farko idan ya sauka a busasshiyar ƙasa. Suna kuma yin wani daga saiwar khus, dangin jemarmu.

Sai dai ki sani, itacen sandal yakan yi shekara 15 ko fiye kafin ya ba da mai nagari, ya yi tsada ƙwarai, don haka wasu suna zuba man farafin, wani mai marar ƙamshi, a madadinsa, har a Kannauj ɗin. Ga yadda za ki gwada: ki ɗiga ɗigo ɗaya a wuyan hannu da safe, kada ki murza. Da la'asar ki shinshina. Idan fure ya lafa amma ƙamshin itace mai laushi yana nan, alamar sandal ce. Idan maiƙo kawai ya rage, alama ce an haɗa da farafin. Ki kuma ajiye kwalbar cikin akwati, nesa da rana, don attar mai sandal daɗa kyau yake yi idan ya kwana biyu.