Danƙo ne, ba gam ba

Tambaya: Malam, akwai sinadaran da ke riƙe ƙwayoyin halittar ɗan tayi da juna, waɗanda ake kira kadarin (cadherin a Turance). Ko "gam" ya dace da su?

Amsa: Bai dace ba, ɗana, kuma kunnena ya gaji da jin sa a bakin masu fassarar gaggawa. Gam ba ya zaɓe. Takarda, fata, itace, duk abin da aka shafa masa kamawa yake, in ya bushe kuma shi ke nan. Waɗannan kuwa sun san nasu. A 1955 wasu masana kimiyya biyu, Townes da Holtfreter, suka wargaza ƙwayoyin tayin dangin kwaɗo, suka cakuɗa su. Da aka bar su, kowace ta lalubo 'yar'uwarta: masu zama fata suka tattaru a waje, sauran suka shige ciki. Daga baya Masatoshi Takeichi na Japan ya gano kadarin, ya nuna ba ya riƙo sai da sinadarin kalsiyam.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne saki. Lokacin da lakar baya za ta fara samuwa, ƙwayoyinta kan sauya irin kadarin da suke ɗauke da shi, daga na E zuwa na N, su rabu da masu zama fata. Wasu ma sassauta riƙon suke yi su yi ƙaura, can su zama jijiyoyi da ƙasusuwan fuska. Wane gam ne ke haka? Ni danƙo nake cewa. Bahaushe da ya ce "danƙon zumunci" ya san abu ne mai ƙaruwa da raguwa, shi ya sa ake addu'ar Allah ya ƙara shi.

Tambaya: Akwai karin maganar da ta yi daidai da wannan?

Amsa: Ƙwarya ta bi ƙwarya. Kadarin ya fi kama irinsa.

Tambaya: "Tsintsiya maɗaurinki ɗaya" fa?

Amsa: A'a, ɗana. Tsintsiya daga waje ake ɗaure ta, nan kuwa kowace ƙwaya da kanta take riƙe maƙwabciyarta.

Tambaya: Tayin ciki da tayin ciniki kalma ɗaya ce?

Amsa: Biyu ne, rubutu ya haɗa su. Masu rubuta "tayi kyau" kuma don Allah su raba: ta yi.