Ƙwallona yana karkata dama: ko biyan malamin golf zai gyara buguna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kusa shekara biyu ina buga golf a Kaduna, da hannun dama nake bugu. Duk lokacin da na ɗauki direba, wato doguwar sandar da ake bugun nesa da ita, ƙwallon sai ya tashi kamar zai miƙe, can a sama kuma ya lanƙwasa dama ya faɗa cikin ciyawa. Na kalli bidiyo bila adadin a YouTube, abokan wasana kuma kowa da tasa shawarar. Shin ya dace in biya malami? Kuma yaya zan gane na ƙwarai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. E, ya dace, kuma gara yanzu da a ce ka ƙara shekara biyu jikinka yana haddace kuskuren.

Wannan lanƙwasa da 'yan wasa ke kira silais ba ta da wani sirri. Abu biyu ne ke haɗuwa a daidai lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo: inda fuskar sandar take kallo, da hanyar da kan sandar ya biyo. Na'urorin auna bugu irin su TrackMan, da wani kamfanin ƙasar Denmak ke ƙerawa, sun nuna cewa fuskar sanda ce ke da kaso mafi tsoka wajen yanke inda ƙwallo zai nufa da farko, musamman da direba. Lanƙwasar kuwa tana zuwa ne daga bambancin fuskar da hanyar. Idan kan sandarka ya yanko daga waje zuwa ciki, wato yana nufar hagu, fuskar kuma a buɗe, wato tana kallon dama da wannan hanya, ƙwallon zai ɗauki juyi ya koma dama. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, mai wannan matsala yakan ƙara karkata jikinsa hagu don ya rama, yankan kuma ya ƙaru.

To me ya sa fuskar taka take a buɗe? Nan ne bidiyo ba zai amsa maka ba. Wani riƙonsa ne: idan ya duba hannun hagunsa a kan sanda, gaɓar yatsa ɗaya kawai yake gani maimakon biyu ko uku. Wani ƙwallon ya ajiye a wurin da bai dace ba tsakanin ƙafafunsa. Wani kafaɗunsa ke riga ƙugunsa saukowa. Duk alamar ɗaya ce, maganin ne ya bambanta. Mai bidiyon bai taɓa ganinka ba, don haka bin shawararsa kamar shan maganin da likita ya rubuta wa maƙwabcinka ne. Ga kuma abin da ya fi damuna da koyon kai da kai: abin da mutum yake ji a jikinsa da abin da jikin yake yi ba ɗaya ba ne. Ɗalibi zai rantse maka ya juya kafaɗarsa sosai, ka nuna masa hotonsa a waya ya ga ko rabi bai kai ba. Idon da ke tsaye a gefenka shi ne ainihin abin da kake biya.

Malamin ƙwarai kuwa, a darasin farko za ka gane shi. Zai tambaye ka tun yaushe kake wasa, sau nawa kake samun atisaye a mako, ko kana da ciwon baya ko na gwiwa. Zai bar ka ka buga ƙwallaye da dama yana kallon tafiyarsu kafin ya ce komai, ya ɗauke ka bidiyo ta baya da ta gaba, sannan ya ba ka gyara ɗaya, in ya yi yawa biyu, tare da dalili. Wanda ya lissafo maka kurakurai bakwai cikin rabin sa'a, ko yake son mayar da kai kamar wani ɗan wasa da ya gani a talabijin ba tare da duba shekarunka da ƙirar jikinka ba, ka gode masa ka nemi wani. Fara da furo, wato ƙwararren ɗan wasa, na kulob ɗinku, ka tambaya ko yana cikin ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Najeriya, ka kuma tambayi ɗalibansa ko wasansu ya sauya. Da yawa daga cikin furo ɗinmu da ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna suka fara, kuma ina girmama irin idon da wannan rayuwa ke ba mutum. Sai dai iya bugu daban, iya koyarwa daban, kuma na biyun kake nema.

Ka kuma shirya wa wannan: da alama wasanka zai ɗan lalace kafin ya gyaru. Sabon riƙo zai yi maka banbaraƙwai, ƙwallon ma yana iya fara tafiya hagu. A nan yawancin mutane ke komawa gidan jiya su ce malamin bai iya ba. Tiger Woods ya lashe gasar Masters ta 1997 da tazarar bugu 12, duk da haka ya koma wurin malaminsa Butch Harmon suka sake gina bugunsa. A 1998 gasa ɗaya tak ya ci a jerin gasannin PGA Tour na Amurka. A 1999 ya ci 8, a 2000 ya ci 9, uku daga ciki manyan gasanni ne. Nick Faldo na Ingila ma sai da ya yi kusan shekara biyu a hannun David Leadbetter kafin ya ci gasar Open a 1987. Kai ba sabon gini kake buƙata ba, gyaranka zai fi nasu sauri nesa ba kusa ba, amma makonnin rashin daɗin nan sai ka bi ta cikinsu.

Kada ka jera darussa kullum. Darasi ɗaya duk mako biyu, da atisaye sau biyu ko uku a tsakani, ya fi darasi biyar a jere ba maimaici. A filin atisaye ajiye direban tukuna, ka yi aiki da sandar ƙarfe mai lamba 7, da rabin ƙarfinka, har sabon motsin ya zauna. Shawarwarin abokai kuma ka dakatar da su na wata uku, cikin ladabi. Ka lura da rani: ƙasar filayenmu na Arewa takan yi tauri, ƙwallon da ba a buga da kyau ba ma sai ya gangara nesa, don haka kada ka auna ci gabanka da nisa. Auna shi da yadda ƙwallon ke tafiya a sama.

Ranar darasin farko ka tafi da sandunanka duka, don malamin ya duba ko tsayinsu da taurin jikinsu sun dace da kai, ka kuma roƙe shi ya rubuta maka abin da za ka maimaita kafin ku sake haɗuwa.