Tabarau Na Wasan Kwamfuta Da Matsalar Jiri

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 13 yakan je Samaru buga wasa da tabarau ɗin nan mai rufe idanu, sai ya dawo yana kukan jiri. Me ke jawo hakan? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya, idanunsa suna ganin kamar yana gudu ko tashi sama, alhali sashen cikin kunne mai kula da daidaituwar jiki yana shaida cewa bai motsa ba, kuma wannan saɓanin ne ke haifar da jiri da tashin zuciya. Ko Meta Quest 2, wani samfurin irin wannan tabarau da ya fito a 2020, yakan sa haka. Ina ganin ya riƙa yin wasan a zaune, na ɗan lokaci, ya cire tabarau ɗin da zarar zufa ta fara keto masa.