Tsuntsun da ke ɗauke kifi da daddare

Tambaya: Malam, ina kiwon tarwada a Hotoro. Ƙananan kifina kullum raguwa suke, kuma bayan magariba ina jin wani tsuntsu yana kuka "kwak" a sama. Mene ne shi?

Amsa: Alamun zalɓen dare ne, ɗan'uwan balbela. Gajere ne kakkaura, tsawonsa kimanin santimita 60, mai jan ido da baƙin kai da baya, fukafukansa ruwan toka. Ɗansa ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigon fari, sai ka ɗauka wani tsuntsu ne daban. Da rana yana laɓewa a bishiya, da almuru ya sauko bakin ruwa ya tsaya cik, sai kifi ko kwaɗo ya matso ya cafke.

Maganinsa raga. Ka rufe tafkin duka, ka ɗaga ta sama da ruwa, ka ja ta tamau. In ta yi sako-sako, a kanta zai tsaya ya zura baki. Ka kuma danne gefunanta da bulo, don ta ƙasa yake shigowa. Mutum-mutumi kuwa kada ka wahala, kwana kaɗan ya saba da shi.