Karkatar Idon Jariri Alamar Lalura Ce?

Kin tambaya ko karkatar idanun jaririnki zuwa sama, wato yadda kusurwar idanun ta waje ta ɗaga sama, alamar wata lalura ce. Sau da yawa gado ne kawai, don haka ki fara duba idanun mahaifinsa da na danginku. Amma idan karkatar ta haɗu da laushin gaɓoɓi, da shafaffen karan hanci, da zane guda ɗaya da ya ratsa tafin hannu, likitoci sukan yi zaton lalurar Down, wadda ke samuwa idan kuromosom na 21, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayoyin jikin mutum, ya zama uku maimakon biyu. Gwajin jini ne ke tabbatar da ita. A ganina kada ki jinkirta kai shi wurin likitan yara, domin kusan rabin masu wannan lalura ana haihuwarsu da matsalar zuciya.