Yadda ake lallaɓa sabon inji kafin a sake masa linzami

Ka tambaye ni ko injin da muka gama haɗawa za a iya barinsa ya wuni yana kaɗawa a sulo, wato mota na tsaye ba a taka totur ba, a cikin gareji, sannan a miƙa wa mai shi makulli a ce ya zauna, kuma ka ƙara da cewa ka ji wani a waya yana faɗin injinan zamani ba sa bukatar a lallaɓa su ko kaɗan. Da wani ne ya kawo mini wannan magana da ban ɓata yawuna ba, amma tun da a hannuna kake koyon aiki, kuma duk abin da ka lalata gobe sunana za a kira, sai ka natsu ka ji.

Ka sha ganin cikin silinda bayan an gyara ta, da waɗannan siraran zane masu gittar juna a jikin bangonta. Aikinsu biyu ne: suna riƙe baƙin mai, kuma suna goge bakin sabon ringi, wato zoben da ke jikin fistan, a hankali har ya kwanta daidai da bangon. Kamar dutsen niƙa ne da aka sassaƙe shi, kaushinsa ne ke yin aikin, kuma garin farko ba ya rasa tsakuwa. Abin da yaran yanzu ba su sani ba, domin ba sa tambaya sai dai su kalli waya, shi ne ƙarfin ringin kansa bai isa ya manna shi da bango ba. Iskar da ke fashewa a saman fistan ita ce take ratsawa ta bayan ringin ta danna shi waje, kuma ƙarfinta yana ƙaruwa ne idan inji yana jan nauyi. A sulo wannan ƙarfi kaɗan ne, ringi sai ya riƙa zamewa bai ci komai ba, mai ya ƙone a cikin zanen ya toshe shi, bangon ya yi santsi yana ƙyalli. Daga ranar injin ya fara shan mai ke nan, da shuɗin hayaƙi a salansa da huci ta murfin mai, kuma babu wani maganin kwalba da zai gyara shi, sai an sake buɗewa. Saboda haka wunin sulo da kake magana kashe inji ne cikin ruwan sanyi.

Ɗaya hanyar kashe shi kuwa ta fi sauri, kuma ita ce ta taɓa cinye mini kuɗin kwanon rufin ɗakina. A lokacin da J5 ke tashe a hanyoyin nan, wani mai motoci ya kawo mini tasa a nan Kaduna, injinta ya gaji. Injin J5 mai fetur ɗan gida ɗaya ne da na 504, wanda muka sani kamar yunwar cikinmu tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a garin nan a 1975. Na shiga Panteka da ƙafata na zaɓo silib (hannun rigar ƙarfe da fistan ke kai-komo a ciki) da fistan da ringi da metal (ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai) da gasket, na kai karanshaf aka gyara, na auna komai kafin in ɗaura. Da na tayar da shi, ko kofin ruwa ka ɗora a kai ba zai zube ba. Na kira direban a gaban maigidansa na ce masa kilomita dubun farko ba lodi sai rabin kaya, ba gudu, ba doguwar hanya, kuma idan ta cika ya dawo in sake ɗaure kan inji in saita bawul, domin waɗannan injinan gasket ɗinsu yana kwanciya bayan ya sha zafi, kuma tazarar bawul tana gocewa daga inda aka bar ta. Direban ya dafa ƙirji ya ce ai shi ya girmi wannan bayani.

Mako bai zagayo ba sai ga motar an jawo ta da igiya. Direban ya rantse cewa bai fita gari ba, yana tafe babu kaya a wajen Kawo sai ya ji ƙara, inji ya tsaya. Na buɗe a gabansu. Fistan biyu sun kama jikin silib sun kwarzane daga sama har ƙasa, ringi ya karye, gasket ya ƙone tsakanin silinda biyu, kan injin ya lanƙwashe, man kuwa ya zama kamar an dama shi da garin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san wannan ba ɓarnar yawon cikin gari ba ce, zafi ne mai tsanani a ƙarƙashin nauyi, domin sabon fistan matsattse ne a gidansa, idan ya kumbura ba shi da inda zai je sai jikin bango. Na leƙa mita in ga nisan da aka yi, sai na tarar an zare wayarta ta baya. Na nuna wa maigidan, amma direban ƙanin matarsa ne, ni kuwa bakanike ne kawai mai baƙin hannu. Ya ce kayan jabu na sa masa na ci kuɗin na gaske, kuma ya faɗi haka da ƙarfi a gaban yarana da masu jiran aiki.

Dattawan gareji suka shiga tsakani suka ce a yi sulhu, kuma a wannan sana'a sulhu yana nufin bakanike ya biya. Na sake sayen kayan gaba ɗaya daga aljihuna, na kai kan injin aka goge, na yi aikin kyauta, damina ta same ni da rufin da ke yoyo. Bayan watanni, karen motar ya yi faɗa da direban a kan kuɗi, ya zo da kansa ya ba ni labari. A daren da suka karɓi motar suka kama hanyar Lafiya, aka cika ta da doya har rufi, washegari da rana tsaka suka nufi Jos. A Hawan Kibo direban ya ƙi rage giya da wuri, ya danne totur har ƙasa inji yana kakari, allurar zafi ta shige ja bai tsaya ba sai da tururi ya fito, sannan ya ɗebo ruwan sanyi ya kwarara a lagireto injin yana tafasa. A kan babbar mota suka dawo da ita cikin dare, suka sauke ta a bakin gari suka ɗaura igiya. Na kai yaron gaban maigidan ya maimaita, sai ya ce mini abin da ya wuce ya wuce, a bar wa Allah. Na bar wa Allah, muna gaisawa a wurin jana'iza, amma har yau tayar motarsa ba ta sake taka ƙofar garejin nan ba.

Zancen duba ruwa da mai da yoyo ba zan tsaya a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da rake. Kafin tashin farko ka cire fulogi ka kaɗa da sitata har fitilar mai ta mutu, don kada metal ya juya a bushe. Idan ya tashi ka riƙe shi wajen juyi 2,000 a minti na kamar minti ashirin, ya yi zafinsa na aiki, sannan a fita hanya. A hanyar ma ba tafiyar kunkuru ake so ba. Ka taka totur kamar rabi a giya ta uku, motar ta ja da kyau, sai ka ɗage ƙafa ka bar inji ya rage gudun da kansa, domin a wannan lokaci ne mai ke hawowa ya wanke bango ya sanyaya ringi. Ka yi ta maimaita haka, kana sauya giya da gudu. A kilomita 1,000 na farko kada juyi ya wuce 3,000, kada a daɗe a kan gudu ɗaya kamar yadda direbobi ke yi a miƙaƙƙiyar hanya, kuma kada a bar shi yana kakari a babbar giya a kan tudu, wanda ya fi yawan juyi illa ga metal.

Man farko ka zubar da shi tare da filta wajen kilomita 500, kada ka ji tausayin kuɗinsa, domin duk ɓurɓushin da ringi ya goge a cikinsa yake. A tsohon inji irin namu da aka sabunta ni man gargajiya nake zubawa, irin 20W-50, sai ya zauna sannan mai shi ya sa mai tsadar da yake so. Kuma duk ranar da na kama ka ka cire tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya kai zafinsa, wai don ƙasarmu da zafi, ranar za ka tattara kayanka, saboda injin da bai kai zafinsa ba fetur ne ke wanke masa mai daga bango.

Mutumin wayarka ya tsinci rabin gaskiya ne ya ruga da ita. Injin da ya fito daga kamfani a yau an goge silindarsa da injinan da ba mu da irinsu, kusoshin kansa ba a sake ɗaure su, kuma da yawa da man zamani suke zuwa. Duk da haka buɗe littafin sabuwar Toyota ka gani, za ka tarar an hana taka birki da ƙarfi a kilomita 300 na farko, an hana jan tirela, an hana figar mota da daɗewa a gudu ɗaya har sai ta yi wajen kilomita dubu. Wanda ya ƙera ta bai ce a sake ta ba, balle injin da aka haɗa a ƙarƙashin bishiya cikin ƙurar hunturu. Injin Beljiyam kuwa da ake sayowa a ɗaura, shi ya riga ya ci zamaninsa a Turai, canjin mai da bel kawai yake so.

Wannan motar da ke gabanmu, kafin ta fita ka rubuta lambar mitarta a littafin gareji, ka ɗiga fenti a kan notin wayar mitar yadda idan an taɓa za a gane, mai motar da direbansa su sa hannu a gaban shaida. Ranar da ta dawo canjin mai kada ka zubar a kwata, ka tara mini shi a faranti mai tsabta ka kawo rana in duba da kaina.